Yadda Ake Kunna Na'urar Sanyaya Ɗaki da Wutar Sola Ba Tare da Kashe Batura Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ya san zafin bazara ba ya tafiya tare da rana. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare za ka ɗora tafin hannu a bangon da ke fuskantar yamma ka ji shi da ɗumi kamar tandar waina da ba a daɗe da saukewa ba, fanka tana juyawa amma iskar da take kaɗowa ita ma mai zafi ce, yara suna ta juyi a kan katifa, matashin kai ya jiƙe sharkaf da gumi. Wannan ne yake tura magidanta da yawa kasuwa neman na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da esi ko iyakwandishan, kuma da yake wutar gwamnati ba ta da tabbas, man janareta kuma ya yi tsada tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sai hankalin jama'a ya koma kan sola da batura.

Ni ma ta wannan hanya na bi, kuma na yi asara kafin na fahimci abin. Na sayi batura huɗu masu ruwa, na haɗa musu tsohuwar esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wanda ya haɗa mini kayan kuma ya tabbatar mini za su kai ni asuba. A makonnin farko sukan kai ƙarfe uku na dare, daga baya ƙarfe ɗaya inbata, wato akwatin da yake juya wutar batir ta koma irin ta gida, takan fara kuka, kafin shekara ta zagayo kuwa baturan ba sa iya riƙe fanka biyu har safiya. Da na zauna na yi lissafin da ya kamata a ce na yi tun farko, sai na ga baturan ba su da laifi, nauyin da ya fi ƙarfinsu aka ɗora musu kowane dare. Batir shi ne mafi tsada a cikin kayan sola kuma shi ne mafi saurin mutuwa, saboda haka shi ya kamata a yanke shawara a kansa a ƙarshe, bayan an hana zafi shiga ɗaki, an zaɓi na'urar da ta dace, an kuma koyi ajiye sanyi tun da rana lokacin da wuta take zuwa kyauta daga saman kwano.

Matsalar ta wuce gida ɗaya

A wani rahoto da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar a 2018, ta ƙiyasta cewa akwai na'urorin sanyaya ɗaki kusan biliyan 1.6 a duniya, kuma za su iya kaiwa biliyan 5.6 nan da 2050, tare da cewa su da fankoki suna shan kusan kashi 10 cikin ɗari na dukkan lantarkin da ake amfani da shi a duniya. Abin da ya fi wahalar da kamfanonin wuta shi ne kowa yana kunna tasa a lokaci guda, wato da yamma zuwa dare a ranakun da suka fi zafi. Muna ganin wannan a unguwanninmu ba sai an faɗa mana ba: da bazara wuta takan zo ba ƙarfi, ƙwan fitila ya yi ja, tiransifoma ta ɗauki zafi ta ƙone, unguwa ta shiga karo-karon kuɗin gyara. Nijeriya mai mutane sama da miliyan 200 galibi megawat dubu huɗu zuwa dubu biyar take rarrabawa ta babban layinta, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Nijeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya, wato wat dubu na tsawon awa guda, ga masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, kafin a ɗan rage shi daga baya. A wannan watan ne kuma, ana tsakiyar goman ƙarshe na azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a birnin Kayes na ƙasar Mali. Mutanen Nijar su ma sun ɗanɗana tasu a 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take tura musu bayan juyin mulkin watan Yuli. Duk wanda ya rage wutar da esinsa take sha da dare ya taimaki aljihunsa, ya kuma rage wa tiransifomar unguwarsu nauyi.

A fara da rufi da bango

Na'urar sanyaya ɗaki tana kwashe zafin da ke cikin ɗaki ne ta zubar da shi a waje, shi ya sa akwatin da ke waje yake hura iska mai zafi. Idan zafi yana ta kwararowa ta rufi da taga, aikin na'urar ya zama ɗibar ruwa da rariya, za ta yi ta sha wuta ba hutu. A yankinmu rufi ne babbar ƙofar zafi, domin Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma wajen ƙarshen Afrilu rana takan tsaya daidai tsakiyar ka da azahar, ta yi ta dukan kwano kai tsaye. Mataki na farko shi ne a tabbatar akwai silin mai kyau wanda ba shi da ɓaraka, a shimfiɗa abin tare zafi a bayansa, ko farin soso mai kauri ko takardar gwangwani mai sheƙi da ake sawa a ƙarƙashin kwano, sannan a bar kafofi a gefen rufin domin iskar da ta taru tsakanin kwano da silin ta samu hanyar fita. Shafa wa kwano farin fenti yana rage zafin da yake ɗauka sosai, kuma aikin yini ɗaya ne. Idan rufin na kankare ne, farar ƙasa ko farin fenti a samansa yana yin wannan aikin, kuma faifan sola da aka ɗora da 'yar tazara a kansa su ma inuwa ce.

Bayan rufi sai bangon yamma da tagogin gilashi. Inuwar da aka yi daga waje ta fi labulen ciki amfani, domin labule yana tare hasken ne bayan zafin ya riga ya ratso gilashi. Rumfar zana, ko asabari da aka rataya daga waje, ko bishiyar darbejiya da aka dasa a yammacin gida, duk suna rage abin da bango zai sha da la'asar ya amayar da dare. Kakanninmu da suka yi gini da tubali da azara, bango mai kaurin kamu ɗaya ko fiye da ƙananan tagogi, sun gane wannan tun tuni, shi ya sa soron ƙasa yake da sanyi da tsakar rana alhali ɗakin bulo mai inci shida yana tafasa. Sai a duba ƙasan ƙofa da gefen taga da ramin da aka huda wa bututun esi, a toshe duk inda iska take zirarewa. Idan akwai zaɓi tsakanin ɗakuna, a sa na'urar a ɗakin da ke gabas ko wanda wasu ɗakuna suka kare, kuma a zaɓi ƙarami, domin sanyaya ɗakin kwana ɗaya da iyali za su iya amfana da shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sanyaya falo mai faɗi.

Zaɓen na'ura

A kasuwanninmu da doki ake auna esi. Mai doki ɗaya tana kwashe zafi kusan BTU 9,000 a awa (BTU ma'aunin zafi ne), mai doki ɗaya da rabi kusan 12,000, mai doki biyu kusan 18,000. Ɗakin kwana mai mita huɗu tsawo da mita huɗu faɗi, idan an gyara rufinsa kuma rana ba ta dukansa da yamma, doki ɗaya yakan ishe shi, amma idan yana saman bene ko yana fuskantar yamma sai doki ɗaya da rabi.

Abu mafi muhimmanci ga mai sola shi ne ya sayi esi mai inbata. A nan mutane sukan rikice, domin kalmar inbata tana nufin abu biyu: akwai akwatin da yake juya wutar batir ta koma irin ta gida, akwai kuma fasahar da ke cikin esi wadda take sa kwamfiresa, wato injin da yake matsa gas ɗin esi, ta riƙa rage gudu da ƙara shi gwargwadon buƙata. Tsohuwar esi marar wannan fasaha gudu ɗaya ta sani, ko tana aiki da dukkan ƙarfinta ko ta tsaya cak, kuma duk lokacin da za ta tashi takan fizgi wuta ninki uku zuwa biyar ko fiye na abin da take sha a ƙa'ida. Wannan fizgar ce take sa fitilu su yi ƙifta, ita ce kuma take kashe inbatar sola ko ta wahalar da batura. Mai inbata kuwa a hankali take tashi, idan ɗaki ya yi sanyi ta sauko ta riƙa tafiya sannu-sannu tana shan wat ɗari uku zuwa ɗari biyar a maimakon ɗari tara ko dubu. Ta fi tsada wajen saye, amma bambancin kuɗin bai kai na ƙarin batir ɗaya ba.

Kada a tsaya ga maganar mai shago, a karanta takardar da ke manne a gefen na'urar. Akwai lambobi biyu da aka rubuta da wat, ɗaya ƙarfin sanyayawa, ɗaya wutar da take sha. A raba ta farko da ta biyu: idan ƙarfin sanyayawa 2,600 ne tana shan 800, amsar ta haura uku kaɗan, ma'ana kowane yunit na wuta yana kwashe sama da yunit uku na zafi, kuma duk wadda amsarta ta fi yawa ita ta fi tattali. A kuma nemi alamar T1 ko T3. Na'urar T1 an auna ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35, ta T3 kuwa a digiri 46, wato an ƙera ta domin ƙasashe irin su Saudiyya da Sudan, kuma yanayin Sakkwato da Maiduguri da Agadas ya fi kusa da nasu. Esi 'yar gwanjo ba na ba mai sola shawarar sayenta, domin yawancinsu marasa inbata ne, kuma da yawa suna amfani da gas ɗin R-22 wanda duniya take kan hanyar daina amfani da shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Sababbi galibi R-32 ko R-410A suke amfani da shi.

Wajen kafawa, a sa akwatin waje a inuwa inda iska take wucewa, ba a lungun da zafin da ya fitar zai dawo masa ba, kuma kada bututun ya yi tsawon da ya wuce kima. A tsaya a kan mai aikin ya zuƙe iskar da ke cikin bututun da injin zuƙa kafin ya saki gas, domin da yawa sukan tsallake wannan saboda sauri, danshin da ya rage a ciki kuma yana rage ƙarfin na'ura yana cin kwamfiresa a hankali. Gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar na girki; idan ya ragu to akwai inda yake yoyo, sai a nemo wurin a like kafin a ƙara.

Ajiye sanyi tun da rana

Nan ne na fi so mai karatu ya tsaya, domin nan ne ribar take. Wutar sola ta fi yawa daga ƙarfe goma na safe zuwa uku ko huɗu na yamma, kuma a gidaje da yawa batura sukan cika tun kafin azahar, daga nan faifan su zauna suna zubar da abin da za su iya bayarwa. A daidai wannan lokaci mutane sukan bar esi a kashe wai suna tattali, su bari bango da daɓe da katifa su sha zafi har magariba, sannan su kunna ta a kan batir, ta yi ta fama da zafin yini guda da wuta mafi tsada. Daidai shi ne a juya tsarin. A kunna esi wajen ƙarfe ɗaya na rana ko da ba kowa a ɗakin, ƙofa a rufe, labule a sauke, ta yi aiki kai tsaye daga faifai har rana ta yi sanyi. Kankare da bulo suna riƙe sanyi kamar yadda suke riƙe zafi: tan ɗaya na kankare da aka rage wa zafi da digiri uku zai iya shanye kusan kashi uku cikin huɗu na yunit ɗaya na zafi kafin ya koma yadda yake, ɗaki guda kuwa tan-tan ne na bango da daɓe. Idan dare ya yi, na'urar za ta tarar da ɗaki a sanyaye, aikinta kawai ta riƙe shi, kuma mai inbata a mafi ƙanƙantar gudunta za ta yi hakan. Wannan dabara tana aiki ne sosai idan an riga an yi gyaran rufi da inuwar bango, in ba haka ba sanyin da aka tara zai tsiyaye kafin isha.

Manyan gine-gine a wasu ƙasashe da ƙanƙara suke yin wannan. A biranen Amurka irin su New York da Chicago akwai benaye da suke daskarar da ruwa a manyan tankuna da dare lokacin da wuta take da araha, da rana kuma ƙanƙarar tana narkewa tana sanyaya ruwan da ke zagaya ginin. Dalilin shi ne kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafi kusan wat-awa 93 kafin ya narke, tankin da ke ɗauke da ƙanƙara mai girman mita ɗaya ta kowace fuska kuwa yana ajiye kusan yunit 85 na sanyi, kuma ruwa ba ya tsufa kamar batir. Asibiti ko otal ko babbar makaranta da ke da sola za su iya juya wannan tsari, su daskarar da rana su narkar da dare, kuma ina ganin abu ne da ya kamata injiniyoyinmu su ba muhimmanci. A gida dai kada a yaudari kai: gorunan ƙanƙara kilo goma da aka jera a gaban fanka duka-duka sanyin da za su bayar bai wuce abin da esi mai doki ɗaya za ta bayar a rabin awa ba. Inda ƙanƙara take da amfani a gida shi ne firiza. A cika rabinta da gorunan ruwa, ta daskarar da su da rana a kan faifai, a kashe ta da dare ba tare da yawan buɗewa ba, sai a bar wa esi batir ɗin. Kuma kada a ajiye firiza ko firji a ɗakin da ake sanyayawa, domin zafin da suke fitarwa ta baya a cikin ɗakin yake zama.

Lambar da aka saita na'ura a kai ita ma tana da tasiri babba. Saita ta a 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, yana hana kwamfiresa hutawa ne kawai. Hukumar kula da tattalin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na wutar da ake sha, kuma tun 2020 aka wajabta wa kamfanoni su fitar da sababbin esi a saite kan digiri 24. Japan kuwa a 2005 ta fara ƙarfafa ofisoshi su tsaya a 28. Da dare a saita 26 ko 27 a haɗa da fanka, domin iskar da ke motsi a jikin mutum tana sa ya ji kamar an rage digiri biyu, fankar sama kuwa wat sittin zuwa saba'in take sha, sababbi masu tattali ma rabin haka. A yi amfani da agogon da ke jikin rimot ta kashe kanta wajen ƙarfe uku ko huɗu na dare, fanka ta ƙarasa aikin. Da asuba, lokacin da iskar waje ta fi sanyi, a buɗe ƙofa da tagogi na ɗan lokaci, domin esi mai akwati biyu iskar cikin ɗaki kawai take juyawa, ba ta shigo da sabuwa, kuma ɗakin da mutum biyar suka kwana a rufe yana buƙatar shan iska.

Akwai kuma na'urar da ake zuba wa ruwa ta huro iska mai laima, wadda take aiki da hikimar randa da tulu, hikimar da Mohammed Bah Abba, malamin da ya yi aiki a Jigawa, ya gina tukunya cikin tukunya a kanta domin adana kayan miya har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Wutar da take sha ba ta fi ta fanka ɗaya ko biyu ba sosai, kuma a Maris da Afrilu da iska take a bushe tana sanyaya ɗaki ƙwarai, muddin an bar taga a buɗe. Da zarar damina ta kawo kai iska ta yi nauyi, amfaninta ya ragu. Ba a haɗa ta da esi a ɗaki ɗaya.

Lissafin batir da faifai

Yanzu ne za a zo kan batir. Yunit ɗaya shi ne wat dubu na tsawon awa guda, irin wanda mita take ƙirgawa. A ɗauki misalin ɗakin da aka gyara, da esi mai inbata mai doki ɗaya wadda take shan wat 500 a matsakaici da dare, na tsawon awa bakwai. Wannan ya ba da yunit 3.5. Inbatar sola takan cinye kusan kashi goma cikin ɗari wajen juya wuta, don haka batir zai fitar da kusan yunit 3.9. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce, amma idan ana so ya yi ƙarko rabi kawai ake cirewa, wato 1.2, kenan sai an tanadi guda huɗu saboda esi ita kaɗai, ban da fitilu da fankoki da talabijin. Wannan shi ne kuskuren da na yi, domin tsohuwar esina tana shan ninki biyu na wannan misali, baturan suna zubewa ƙasa warwas kowane dare. Batir ɗin litiyam nau'in LiFePO4 mai bolt 51.2 da amfiya 100 yana ɗauke da yunit 5.12, ana iya cire kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, yana kuma jure caji da saukewa sau dubbai, saboda haka guda ɗaya zai riƙe wannan esi, amma idan za a haɗa da sauran kayan gida gara a ƙara. Ga wanda zai kunna esi kowane dare, litiyam ne ya fi dacewa duk da tsadarsa, sai dai a saya a wurin da za a ba da takardar garanti, domin akwai waɗanda abin da aka rubuta a jikinsu ya fi abin da ke ciki.

Faifai kuma dole su ɗauki nauyi biyu a lokaci guda, su cika batir su kuma tafiyar da esi da rana. A misalinmu, esi ta rana ta awa huɗu a kan wat 800 yunit 3.2 ne, cika batir kusan 4.5 idan an haɗa da abin da ke ɓacewa, sauran kayan gida a ce yunit 2, jimilla kusan yunit 10 a rana. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar kilowat ɗaya na faifai yakan ba da yunit huɗu zuwa huɗu da rabi a rana idan an cire asarar zafi da ƙura da wayoyi, don haka ana buƙatar kusan kilowat biyu da rabi, wato faifai biyar ko shida masu wat 500. Ƙara faifai ya fi ƙara batir araha, kuma faifan da suka yi kaɗan su ne suke barin batir mai ruwa ya kwana bai cika ba har ya lalace. A sani cewa ƙarfin da aka rubuta a jikin faifai an auna shi ne a digiri 25, kuma yana raguwa da kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya ƙaru, shi ya sa ake barin tazara tsakaninsu da kwano domin iska ta ratsa. A karkata su kaɗan, digiri goma zuwa goma sha biyar suna kallon kudu, a riƙa wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, musamman lokacin hunturu da ƙura take lulluɓe komai.

Inbatar sola ta zama mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layin gwamnati, ba mai arahar da take sa fanka gurnani ba, kuma ga esi ɗaya da kayan gida, mai kVA 3.5 zuwa 5 ta wadatar. Tsarin bolt 48 ya fi na 12 ko 24 dacewa da esi, domin wat dubu a kan bolt 12 yana jan sama da amfiya 80, a kan 48 kuwa kusan 21, kuma yawan amfiya shi ne yake sa waya ta yi zafi. A yi amfani da wayar tagulla mai kauri, a sa fis ko bireka tsakanin batir da inbata, a binne ƙarfen kariya daga tsawa a ƙasa a haɗa shi da kayan. Idan ana haɗawa da wutar gwamnati, a sa na'urar da ke yanke wuta idan ta yi ƙasa ko ta yi sama fiye da kima, domin allon lantarkin esi mai inbata ba ya jure wutar da take hawa da sauka, kuma gyaransa da tsada.

Wurin ajiye batir yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Batir mai ruwa an ƙera shi ne domin zafin digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri takwas zuwa goma yana rage kusan rabin rayuwarsa, don haka ajiye shi a shagon kwano ko ƙarƙashin matakalar da ba iska kashe kuɗi ne. A nema masa wuri mafi sanyi a gidan, mai iska, nesa da kicin da inda yara suke wasa, domin yana fitar da iskar da take kama wuta lokacin caji, kuma kada a ajiye shi a ɗakin kwana. A duba ruwansa kowane wata da bazara, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ban da ruwan famfo ko na rijiya ko asid. Ita kuma esi, ragar da ke cikin akwatin ɗaki a ciro ta a wanke duk mako biyu, da hunturu ma duk mako, akwatin waje kuma a kashe wuta a wanke haƙarƙarinsa da ruwa marar ƙarfi kafin bazara ta shigo.

Bayan an gama haɗa komai, a ware mako guda ana rubuta abin da allon inbata yake nunawa sau uku a rana: ƙarfe nawa batir ya cika, kashi nawa ya rage lokacin kwanciya, kashi nawa ya rage da asuba. Idan litiyam yana wayar gari ƙasa da kashi 20, ko mai ruwa ƙasa da rabi, a fara ƙara digiri ɗaya a rimot, a matso da lokacin kashewa baya da awa guda, a kuma fara sanyaya ɗakin da wuri da rana. Idan batir ba ya cika kafin la'asar, faifai ne suka yi kaɗan ko suka yi ƙura. Sai idan an gwada waɗannan duka na wani makon abin bai daidaita ba, sannan a yi maganar ƙarin batir, kuma idan mai ruwa ne kada a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, domin tsohon zai ja sabon ƙasa cikin 'yan watanni.